Gawar Malam da Jirgin Safe

Ban taɓa shiga jirgin sama ba, kuma yanzu ko kyauta aka ce in shiga ba zan taka shi ba. Iyakar sanina da shi a da, muna gona sai mu ji rugugi a sama, mu ɗaga kai mu ga wani ɗan abu fari ya ja zare ya wuce. Ban yi boko ba, ban san harafi ko ɗaya ba. 'Yata ta fari ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Na sa ta rubuta ne saboda har yau akwai masu cewa a garin nan wai ɗana ƙin zuwa jana'izar ubansa ya yi, Legas ta fi masa. Ina so jikokina su san yadda aka yi.

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, manomi ne a ƙauyenmu da ke wajen Kafin Dafga, a ƙasar Karaye. Gyada da dawa ya noma har ƙarfinsa ya ƙare. Ni daga wajen Zoza aka kawo ni, gidanmu masu shanu ne. 'Ya'ya mata Allah ya ba mu, namiji ɗaya tak ya tsaya, shi ne auta. Da ya girma ya bi motar kaya zuwa Legas, ya fara da dako, daga baya ya shiga haɗa masu riɗi da waken suya na nan da masu saye na can. Allah ya buɗa masa. Tafiyar da a da yake kwana a hanya ya iso ƙafafu a kumbure, sai ta koma ta jirgi.

A bakinsa muka san kamfanonin nan. In ya zo gida, bayan an ci tuwo, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya yi ta ba ubansa labari, ni ina gefe ina ɓarar gyada ina ji.

Da farko akwai wani ƙaramin kamfani. Auta ya ce jiragensu tsofaffi ne, kujerun sun koɗe, ba abin da suke ba ka sai ruwa da biskit. Amma kullum da safe jirginsu yana tashi daga Legas ya sauka Kano, ko ya cika ko bai cika ba. Shi yake hawa. Ya yi sallar asuba a can, ya yi azahar a masallacin ƙofar gidanmu. Har mutanen gari suka saba, in aka ce Auta ya taso, sai in ɗora tukunya, ban taɓa jin kunya ba.

Sai wani babban kamfani ya ga ana cin abinci a hanyar. Shi da ma yana da hanyoyi da yawa, bai rasa komai ba, amma idonsa ya tsaya a kan ɗan abin da ƙaramin yake samu. Ya kawo sabon jirgi ya sa shi ya riƙa tashi gab da na ƙaramin, ɗan gaba kaɗan, don duk wanda ya zo da wuri ya faɗa hannunsa. Ya karya kuɗin tikiti. Ya shiga raba shinkafa da kaza a ɗan akwati. Ya kuma ba mutane wani kati mai ruwan zinare.

Ranar da Auta ya zo da katin nan, sai da ya goge shi a jikin rigarsa kafin ya miƙa wa ubansa.

"Baba, ka ga wannan? Duk tafiyar da na yi suna zuba mini maki a ciki. In ya taru in hau kyauta."

Malam ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Maki? Ashe har yanzu makaranta kake. To wa ya zo na ɗaya a ajin naku?"

"Baba ke nan. Wallahi sauƙi ne. Abin da nake biya yanzu ko kuɗin man da jirgin ke sha bai kai ba."

"To wa ke cika musu?"

"Suna da ƙarfi. Za su iya yin asara a hanyar nan su ci riba a wata. So suke wancan ya gaji."

"In ya gaji fa?"

"Sai ya bar musu hanya."

"Kai kuma kana taya su danne shi, saboda cinyar kaza."

Auta ya yi dariya har da kwanciya. "Ni fasinja ne, Baba. Inda sauƙi yake can nake. Inna, ki gaya masa."

Na ce ni kada a sa ni. Amma na yi shekaru ina sayar da ƙuli da man gyada a cikin gida, na san abin da ake kira cin amana a sana'a. In maƙwabciya ta karya farashi da gangan don in nannaɗe tabarmata, matan unguwa ba za su ƙara zuwa sunanta ba. A can kuwa wai dabara ce. Auta ya ce har makaranta ake zuwa a koyo ta, a ba ka takarda, ka sa kwat ka zauna a ɗaki mai sanyi kana lissafin ranar da ɗan'uwanka zai faɗi. Ya nuna mini hoton wasunsu a waya, sun jeru suna murmushi, kowa ya shaƙe wuyansa da ƙyalle. Na ce ɗauke mini.

Ƙaramin ya yi ta fama. Ya rage kuɗi shi ma, ya kasa. Ma'aikatansa suka fara gudu zuwa wajen babban. Wata rana Auta ya zo ya ce an rufe shi, jiragen suna can gefen fili ciyawa tana fitowa a ƙarƙashinsu. Ya faɗa ne kamar yadda ake cewa an yi ruwa a Rogo.

Ba a daɗe ba kaza ta ɓace. Aka koma ɗan burodi, daga nan ruwa kawai. Kuɗin tikiti ya haura ya wuce inda yake tun farko. Jirgin safe kuwa ya zama sai an ga dama. Sau da yawa na dafa abinci ya huce, Auta ya iso bayan magariba yana tsaki. Malam yakan tambaye shi, "Yaya makin namu? Ya isa a sayi akuya?" Shi kuwa sai ya ce ai ko ba komai jirgi jirgi ne. Mu ma haka muka ɗauka. Duk wanda ya je Makka a garin nan ya dawo yana cewa jirgi ba ya wasa da lokaci, in ka makara ya bar ka. Mun ɗauki lokacinsa kamar lokacin salla, abin da ba mutum ne ke matsar da shi ba.

Ciwon Malam ya fara ne da faɗuwa a bakin rumbu. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Auta ya zo, ya kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi gida da magunguna. Ya samu sauƙi har yana zama, maganarsa ta dawo, sai dai tana ja. Da Auta zai koma, don kayan mutane suna jiransa a can, ya shiga ɗaki sallama. Ina ciki ina ba Malam kunu.

Malam ya kama hannunsa da hannun da ke aiki, ya ce, "Abu ɗaya nake so a wajenka. Ni na shiga rami na karɓi ubana, na kwantar da shi da hannuna. Shi ma haka ya yi wa nasa. In tawa ta zo, kai za ka shiga ka karɓe ni. Ban yarda a miƙa ni ga wani ba."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Kai da za ka aurar da jikoki."

"Na ji. Ka amsa mini dai."

"Na amsa. Ko ina ina, kafin a gama haƙa na iso. Daga Legas zuwa Kano fa, kafin Inna ta gama tuƙa tuwo an sauka."

Malam ya ce, "Tuwon uwarka dai ba ya saurin nuna," muka yi dariya mu uku. Ya sa aka kira ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa, ya maimaita maganar a gabansa don ya zama shaida.

Da bazara ya rasu, bayan sallar asuba. Na ɗaga kansa zan ba shi ruwa, ya yi salati, shi ke nan. Shekarun da muka yi tare ban san adadinsu ba, na dai san ina yarinya na shigo gidan nan, yanzu ba haƙori a bakina. Har yau in na farka ina juyawa in ji ko yana tari.

'Yata, wannan mai rubutun, ita ta kira Auta. A gidanmu waya ba ta kamawa sai an je gindin tsamiyar ƙofar gida, can ta tsaya. Ta dawo ta ce ya sayi tikitin jirgin safe ta waya, yana kan hanyar filin jirgi, zai iso kafin azahar.

A garinmu ba a ajiye gawa. Wanda ya rasu da asuba, hantsi na yi an kai shi. Tun kafin rana ta ɗaga masu haƙa sun tafi maƙabarta da diga da shebur, an yanko itacen da za a jera, an yi wa Malam wanka an sa shi a likkafani. Baffa ya zo bakin ƙofar ɗaki ya yi sallama.

"Yaya, sai haƙuri. An gama shiri. Ku yi masa addu'a za mu fita da shi."

Na ce, "Baffan yara, a gabanka ya faɗa."

Ya ce, "A gabana ya faɗa. Amma kin ga zafin nan."

"Yaron yana filin jirgi. Jirgi ne fa, ba motar kasuwa ba. Zuwa azahar kawai."

Ya tafi ya samu liman. Liman dattijo ne, tare suka yi karatun allo da Malam. Ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta kai shi, amma tun da wasiyya ce kuma ɗa yana hanya, a jira zuwa azahar, kada a wuce. Ban taɓa jin an yi wa wani haka a garin nan ba. Aka sanar a masallaci. Mutanen da suka riga suka taru suka nemi inuwa suka zauna. 'Yan'uwana na Zoza sun iso a kan babura, sun baro shanu ba mai kora. Aka aika wa masu haƙa su rufe bakin ramin da zana su jira.

Ni na zauna kusa da shi da mafici, ina kore masa ƙuda. Aka zuba garwashi a kasko ana ƙona turare.

Abin da ya faru a can Legas, daga baya Auta ya ba ni labarinsa filla-filla, amma a ranar guntu-guntu yake zuwa mana daga gindin tsamiya.

Ya isa da wuri. Lokacin tashi ya yi, ba a kira su ba. Can wata murya ta fito ta lasifika, irin muryar nan da ake matse hanci, ta ce suna ba da haƙuri, za a ɗan jinkirta kaɗan saboda dalilin aiki. Dalilin aiki. Na sa an maimaita mini wannan kalma sau da yawa, har yau ban ga abin da ke cikinta ba. In direban motar Karaye ya ce maka taya ce ta fashe, kana iya zagayawa ka ga tayar.

A lokacin akwai wani sabon kamfani da ya fara shigowa hanyar. Jirginsa yana tashi da rana tsaka, ya biya ta Abuja, sannan ya sauka Kano. Kantar sayar da tikitinsu tana kallon ta babban kamfanin. Da jinkirin ya fara tsawo, mutane suka fara miƙewa suna tsallakawa can. Auta ma ya miƙe. Da ya hau wannan, da ya same mu kafin la'asar.

Suna ganin mutane sun fara tsallakawa, sai lasifika ta ce fasinjojin Kano su taso, za a shiga jirgi. Kowa ya dawo da gudu. Aka jera su a layi, aka duba tikitinsu ɗaya bayan ɗaya, aka wuce da su wani ɗaki na ciki mai ƙofar gilashi. Auta ya kira yayarsa ya ce, "An kira mu, muna bakin ƙofa, ki gaya wa Baffa." Ta shigo da gudu ta faɗa. Na ce alhamdu lillahi. Na sunkuya na gaya wa Malam, kamar yana ji na, na ce ga shi nan tafe.

Suka tsaya a bakin ƙofar nan har ƙafafu suka gaji. Aka ce su zauna, ana duba jirgi. Auta ya je wajen wata ma'aikaciya, ya ce mata gawar ubansa na kwance ana jiransa, ta gaya masa gaskiya, in babu jirgi ya fita ya hau na wancan kamfanin. Ta dube shi da jan bakinta ta ce, ranka ya daɗe, jirginka yana nan a ƙasa, mu kai tsaye za mu tafi, su sai sun tsaya a Abuja, za mu riga su sauka. Ta ga katinsa mai ruwan zinare, ta ce ai shi babban baƙonsu ne, ta kawo masa ruwan roba.

Ban san uwar da ta haifi yarinyar nan ba. Na san an sa ta ne, abincinta take karewa. Amma mutum ya ce miki gawar ubansa tana kwance, ki dubi idonsa ki ce jirgi yana ƙasa. Ko a kasuwar shanu, inda ake rantsuwa a kan saniya mai ciwo, in ka ce mutuwa aka yi maka dillali yakan saki hannunka.

Azahar ta yi. Aka yi salla, ba wanda ya watse. Baffa ya dawo bakin ƙofa.

"Yaya, azahar ta wuce."

"Suna bakin ƙofar jirgi. Da bakinsa ya faɗa."

"Tun ɗazu suke bakin ƙofar. Wace irin ƙofa ce wannan da ba ta buɗuwa?"

"Ka roƙar mini liman. Zuwa la'asar."

Ya share zufa da hularsa. Ya ce, "Mutane sun fara magana. Na gidanku ma suna so su koma kafin duhu." Amma ya tafi. Na ji daga baya liman bai ce komai ba, ya dai koma ya zauna ya ci gaba da jan carbi. Aka ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Zafin ranar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kwanon ɗaki yana ƙara kamar ana taka shi. Muka jiƙa buhuna muka rataya a taga. Aka ƙara garwashi, aka ƙara turare, aka yayyafa na ruwa a kan likkafani. Matan da suka cika ɗakin suka fara fita ɗaya ɗaya, kowace da dalilinta, wannan za ta ba yaro nono, waccan za ta yi alwala. Ban ga laifinsu ba. Turaren ya fara kasa aikinsa. Mutumin da duk rayuwarsa ba ya fita masallaci sai ya wanke baki ya shafa turare, shi na zauna ina yi wa fifita ina jin abin da nake ji. Wannan ne ba zan yafe ba. Rubuta shi yadda na faɗa, kada ki gyara.

Auta ya ce ta gilashin nan yana kallo jirgin sabon kamfani ya rufe ƙofa, ya juya, ya yi gudu ya tashi. Bai gama ɓacewa a sama ba lasifika ta buɗe. Suna ba da haƙuri, an soke jirgin safe, an haɗe fasinjojinsa da na jirgin yamma, wanda zai tashi bayan magariba. Mutane suka yi ca, wani ya buga kanta, wata ta zauna a ƙasa tana kuka. Ma'aikatan suka shige wata ƙofa suka kulle.

Babu jirgi a ƙasa tun farko. Fasinjojin safe ba su cika ba, na yamma ma ba su cika ba, sai wani mai kwat ya ga in an zuba su a jirgi ɗaya an huta da man tafiya guda. Wannan tun da sassafe suka san shi. Abin da ya rage musu kawai kada mutanen su tsallaka kantar maƙwabci, shi ya sa suka kulle su a ɗaki kamar awaki har wancan ya tashi. A tashar Karaye ma ana jira mota ta cika, har akan zaunar da 'yan tasha a ciki don ka ɗauka saura mutum ɗaya. Amma a tasha kana ganin motar da idonka, in ka gaji ka sauko ka tari wata a bakin titi, ba wanda ya isa ya rufe ka. Waɗannan da ake ce musu manyan mutane, abin da ɗan kamasho zai ji kunyar yi suka yi, da lasifika da Turanci.

'Yata ta shigo ta kama hannuna ta kai ni gindin tsamiya. A ranar nan, lokacin ne kaɗai na bar gefen Malam. Ta sa mini wayar a kunne.

"Inna."

"Na'am, Auta. Kun taso?"

"Inna, ku kai shi."

Na ce, "Ya ce kai."

"Na sani. Ku kai shi, Inna. Kada ku ƙara ajiye shi saboda ni. Ki ba Baffa wayar."

Ban taɓa jin kukansa irin wannan ba tun yana goye. A bayansa ina jin hayaniya da muryar matar nan tana ta ba da haƙuri.

Bayan la'asar aka fito da makara. Auta ya roƙi mijin yayarsa kada ya kashe waya, ya sa ta a aljihun gaba ya shiga sahu. A ƙofar gida aka yi sallar, kusa da tsamiya, don haka ta kama. Ni ina cikin gida ina jin kabbarar liman ta kan katanga, shi yana zaune a ƙasa a filin jirgin Legas yana jin ta a waya. Da aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta, wayar ta yanke.

Baffa ne ya shiga ramin, da gwiwoyinsa masu ciwo, sai da aka riƙe shi ya sauka. 'Yan'uwana suka koma Zoza cikin duhu.

Jirgin yamma ya tashi a makare shi ma. Auta ya ce duk da an haɗe su, akwai kujerun da ba kowa. Ya kwana a Kano, ya iso washegari da hantsi, daidai lokacin da ya kamata a ce jiya an kai uban. Masu zaman makoki suna zaure. Ya durƙusa ya gaishe su, aka yi masa ta'aziyya, amma na ji an ce wani ya ce a bayansa, masu jirgi an iso. Daga nan maganar ta samo asali. Wanda bai taɓa fita ƙasar Karaye ba, yaya za ka fahimtar da shi cewa mutum yana iya riƙe tikiti a hannu tun asuba ya kasa zuwa? Su a wajensu jirgi ba ya makara, sai dai mutum.

Ana cikin kwanakin makoki saƙo ya shigo wayarsa. Kamfanin ne. Suna baƙin cikin ɗan tsaikon da ya samu, kuma don nuna yadda suke ji da shi sun ƙara masa maki a katinsa. Ya karanta wa yayyensa. Ni na ce a tambaye su ko makin nan ana iya kai shi maƙabarta. Sabon kamfanin kuwa, na ji shi ma bai kai ko'ina ba, sun yi masa irin ta farkon. Auta har yau jirgin babban yake hawa in zai zo duba ni, don babu wani. Ba ya ƙara ce mini ga lokacin da zai iso, ni ma ba na tambaya.

A ranar da ya iso ɗin, bayan ya dawo daga maƙabarta gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, ya aika aka kira masa Baffa cikin gida. Ina zaune a ɗakin Malam, na fara takaba. Suka shigo suka zauna a kan tabarmar da aka yi wa Malam wanka a gefenta. Auta bai ɗaga kai ba.

"Baffa, yaya ka karɓe shi?"

"Yadda ake karɓa, ɗana. Lafiya lau aka kwantar da shi."

"A'a. Nuna mini."

Baffa ya dube ni. Na kau da kai. Sai ya gyara zama da ƙyar, ya miƙa hannuwansa biyu sama kamar ana miƙo masa abu.

"Ta nan aka miƙo shi, ta wajen kai. Na sa wannan hannun a ƙarƙashin kafaɗa, wannan a ƙugu. Ba shi da nauyi, ciwo ya cinye shi. Na sauke shi a hankali, na juya shi kan damansa, fuska ga alƙibla. Na kwance ɗaurin kai, na kwance na ƙafa."

"Kansa fa? A kan me ya kwanta?"

"Na tara ƙasa mai laushi na yi masa matashi."

"Da wane hannu?"

"Da wannan."

Auta ya kama hannun Baffa, ya juya tafin yana kallo. Har lokacin akwai jar ƙasa a ƙarƙashin faratansa. Ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya sake shi ya ce, "Sake nuna mini daga farko."

Baffa ya sake ɗaga hannuwansa.